Jiragen haɗin gida da haɗurran taron Oshkosh: ina matsalar take?

Ranar Litinin 22 ga Yulin 2024, wato ranar da aka buɗe taron jiragen sama na Oshkosh a jihar Wisconsin ta Amurka, wani ƙaramin jirgi samfurin Lancair ES ya faɗi a gona kudu da filin jirgin yana shirin sauka, mutum biyun da ke ciki suka rasu. Shekara guda kafin wannan, ranar 29 ga Yulin 2023, rai huɗu aka rasa a yini ɗaya. Biyu sun mutu ne a karon da wani jirgi mai saukar ungulu ya yi a sama da wani jirgin jairo (ƙaramin jirgi mai farfela a kansa wadda iska ke juyawa), biyu kuma a cikin T-6, tsohon jirgin horar da soja, da ya faɗa tafkin Winnebago.

Duk sa'ad da irin haka ta faru, kafafen labarai sukan ce jirgin "na gwaji" ne ko "haɗin gida", mai karatu kuma ya ɗauka wani ne ya harhaɗa ƙarafa a gareji suka wargaje masa a sama. Rahotannin NTSB, hukumar da ke binciken haɗurran sufuri a Amurka, suna nuna wani abu dabam. Akasarin jiragen da suka faɗi a wajen taron lafiyarsu ƙalau har zuwa daƙiƙun ƙarshe. Abin da ya kayar da su yana tsakanin halin jirgin idan gudunsa ya ragu, da sanin da matuƙin ya yi wa wannan hali, da kuma matsin da tsarin sauka a taron yake jefa shi ciki.

Mene ne jirgin haɗin gida?

A dokar hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, jirgi yana shiga wannan rukuni idan mutum ko mutane suka ƙera suka kuma harhaɗa fiye da rabinsa da hannunsu, don neman ilimi ko sha'awa. Masu harkar suna kiranta dokar kashi 51. Kaɗan ne ke zana jirginsu daga tushe. Yawanci kayan haɗi suke saye daga kamfani, kamar Van's Aircraft na jihar Oregon, wanda jiragensa samfurin RV sama da 11,000 suka tashi. Haɗa RV ɗaya kan ci sa'o'i 1,500 zuwa 2,000, da ƙusoshin ribit fiye da 10,000, shekaru kuma sukan shuɗe kafin a gama. Ga masu karatu a Nijeriya wannan jirgi ba baƙo ba ne: Air Beetle da rundunar sojin sama ta yi shekaru tana horar da ɗalibai da shi a Kaduna, RV-6A ne, an sayo kayan guda 60 aka harhaɗa su a can.

Idan an gama haɗawa, jami'in FAA ko wakilin da ta naɗa zai duba jirgin da takardunsa, ya ba shi takardar izinin tashi ta rukunin gwaji. Daga nan sai matakin gwaji na farko: sa'o'i 40 a wani yanki da aka keɓe, ba tare da fasinja ba, ko sa'o'i 25 idan injin da farfelar masu shaidar hukuma ne. Dole a rubuta a ƙofar jirgin da manyan baƙaƙe cewa na gwaji ne, a kuma liƙa gargaɗi inda fasinja zai gani cewa jirgin bai cika ƙa'idojin jiragen masana'anta ba. Ba a yarda a yi haya ko ɗaukar fasinjan kuɗi da shi ba.

Ruɗanin yana fitowa ne daga faɗin rukunin gwajin. A ƙarƙashinsa akwai jiragen tsere, da tsoffin jiragen yaƙi da ake nunawa, da sababbin samfura da kamfanoni ke jarrabawa. Jirgin P-51 da ya faɗa kan 'yan kallo a tseren Reno na jihar Nevada ranar 16 ga Satumban 2011, ya kashe matuƙinsa da mutum 10, rajistar gwaji gare shi, amma jirgin yaƙi ne na masana'anta da aka yi wa kwaskwarima don tsere. T-6 ɗin da ya faɗa tafki a 2023 shi ma ƙirar masana'anta ne. Wanda ya haɗa waɗannan duka a kwando ɗaya ba zai gane musabbabin ko ɗaya ba.

Filin da ya fi kowane cunkoso

Ƙungiyar masu jiragen gwaji, EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a Milwaukee a 1953, ita ke shirya taron. Taron ya koma Rockford a 1959, sannan Oshkosh a 1970. Yanzu ana yinsa mako guda a ƙarshen Yuli a filin jirgin Wittman, mahalarta sun haura 600,000, jirage sama da 10,000 kuma suna sauka a Wittman da filayen da ke kewaye. A 2023 an ƙirga tashi da sauka fiye da 21,000 cikin kwana 11 a Wittman kaɗai. A wannan mako babu hasumiyar kula da jirage a duniya da ta kai tasa aiki.

Bambancin wannan taro da wasan jirage na yau da kullum shi ne mahalartan da kansu suke tuƙo jiragensu. Ƙwararrun da ke wasa da jirgi da rana suna da nasu izini da nasu dokoki. Dubban da ke sauka da safe kuwa likitoci ne da manoma da injiniyoyi da 'yan fansho, wasu a shekara ba sa yin sa'o'i 50 a sama.

Layin Fisk

Babu yadda za a yi jami'in hasumiya ya yi magana da kowane jirgi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba, don haka FAA take fitar da wata sanarwa mai kimanin shafi 30 kowace shekara, wadda ake buƙatar kowane matuƙi ya karanta ya kuma riƙe a jirgi. Mai zuwa zai nufi garin Ripon, ya hau kan layin dogo ya bi shi zuwa ƙauyen Fisk. Tsayin da aka ƙayyade ƙafa 1,800 ne daga teku, wato kusan mita 300 daga ƙasa, gudun kuma not 90, kimanin kilomita 167 a sa'a. Wanda jirginsa ba zai iya wannan tafiyar hawainiya ba sai ya hau ƙafa 2,300 ya yi not 135. Tsakanin jirgi da jirgi rabin mil ne, abin da bai wuce tafiyar daƙiƙa 20 ba. Ba a jerawa gefe da gefe, ba a wuce na gaba.

A Fisk jami'ai suna zaune a ƙasa da tabaran hangen nesa. Ba sa kiran lambar jirgi, launinsa da siffarsa suke kira, su ce jan jirgi mai fiffike a ƙasa ya kaɗa fukafukansa. Matuƙi ba ya amsawa da baki, kaɗawar ita ce amsa. Daga nan a tura shi titin 9/27 ko titin 18/36 (kowane titin sauka lamba biyu gare shi, gwargwadon ɓangaren da aka fuskanta). An zana manyan ɗigogi masu launi a kan titunan, ruwan lemo da kore da fari da sauransu, a ce wa wannan ya sauka a kan kore, wancan a kan ruwan lemo, jirage biyu ko uku su dira a titi ɗaya kusan lokaci guda. FAA tana sassauta tazarar da doka ta sa tsakanin ƙananan jirage a kan titi, daga ƙafa 3,000 zuwa 1,500, don wannan mako.

Tsarin yana aiki, shekara da shekaru yana saukar da dubban jirage lafiya. Sai dai an gina shi a kan zaton cewa kowane matuƙi zai iya riƙe gudu da tsayi daidai alhali idonsa yana waje, zai iya sauya shiri nan take, zai kuma iya dira a inda aka ce masa. Ga mai Cessna 172, not 90 gudu ne na jin daɗi. Ga mai Lancair ko Glasair, waɗanda aka zana da siririn fiffike don su yi not 200, not 90 yana kusa da inda jirgin ke fara laushi a hannu, hancinsa ya ɗaga ya tare masa gaba, injin kuma ya fara zafi saboda iskar da ke shiga ta ragu. Idan na gabansa wani tsohon jirgi ne da ƙyar yake kai not 75, tazarar za ta riƙa cinyewa, hannu kuma ya riƙa janye mai ba tare da mutum ya lura ba. Sanarwar ta faɗi abin yi ƙarara: a fita daga layi a koma baya a sake shiga. Wanda ya yi tafiyar sa'o'i shida, ya kuma yi ta zagaya tafkin Green Lake yana jira, shi ne ke jin nauyin bin wannan umarni.

Juyin ƙarshe

A nan rayuka suka fi salwanta, don haka ya kamata a tsaya a fahimce shi.

Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin kusurwar da yake tarbar iska da ita ba ta wuce wani mizani ba, kimanin digiri 15 zuwa 18 a yawancin ƙananan jirage. Da ta wuce, iskar da ke bin bayan fiffiken sai ta rabu da shi, ɗaukar ta zube. Matuƙa suna kiran wannan sitol, kuma ba shi da alaƙa da mutuwar inji, yana iya faruwa injin na ruri. Ana koya wa ɗalibi lambar gudun da jirginsa ke yin sitol, amma wannan lamba ta jirgin da ke tafiya a miƙe ce. Idan ya karkata yana juyi, matuƙin kuma yana jan sandar tuƙi don kada ya yi ƙasa, nauyin da fiffiken ke ɗauka yana ƙaruwa. A karkatar digiri 30 gudun sitol yana hawa da kusan kashi 7 cikin 100, a digiri 45 da kashi 19, a digiri 60 da kashi 41. Jirgin da ke sitol a not 60 a miƙe zai yi shi a not 71 a digiri 45, a not 85 a digiri 60. Matuƙin da ya rage zuwa not 75 don kada ya cim ma na gaba yana ganin yana da rarar not 15, alhali juyi ɗaya mai tsanani ya isa ya cinye ta.

A Oshkosh juyin ƙarshe matsattse ne da gangan. Mai sauka a titin 18 dole ya juyo kafin ya wuce saitin hasumiya, saboda titin 9/27 yana aiki a arewa da shi. Mai sauka a titin 27 ana son ya yi zagaye na kusa, ya juya dama yana gangarowa. Idan iska tana tura shi daga baya a tsakiyar juyin, sai ya ga yana wuce saitin titin. An gargaɗe shi tun yana ɗalibi kada ya karkata sosai a kusa da ƙasa, don haka maimakon ya ƙara karkata sai ya taka fedar wutsiya don ya jawo hancin, ya kuma tura sanda ɗaya gefen don ya hana fiffiken ciki faɗawa. Wannan haɗi shi ne mafi muni. Fiffiken ciki yana tafiya a hankali fiye da na waje, shi zai fara sakin iska, jirgin ya kife ta wannan gefe ya shiga hajijiya. Fita daga hajijiya kan ci ƙafa 1,000 ko fiye, shi kuwa yana ƙafa 300.

Ranar 23 ga Yulin 2006 wani Europa XS na haɗin gida ya faɗi yana juyowa titin 27, mutum biyu suka rasu. Ranar 31 ga Yulin 2008 wani Lancair Legacy ya faɗi yana gab da sauka, shi ma da mutum biyu. A duka biyun NTSB ta ce matuƙin bai riƙe isasshen gudu ba. Jiragen masana'anta ma ba su tsira ba, don a 2015 wani Piper Malibu ya faɗi a juyin titin 27 ta wannan hanya.

To, me ya sa abin ya fi kama jiragen haɗin gida? Jirgin masana'anta sai ya nuna wa hukuma cewa yana gargaɗi kafin sitol, cewa kuma ba ya kifewa farat ɗaya. Ba a ɗora wa na haɗin gida wannan sharaɗi ba. Da yawa ba su da ƙararrawar sitol. Jirage biyu daga kayan haɗi iri ɗaya suna iya bambanta, domin ɗan kuskuren digiri guda wajen ɗaura fiffike ɗaya ya isa ya sa jirgin ya riƙa faɗawa gefe guda. Ma'aunin gudu ma yakan yi ƙarya idan ƙaramar kafar da yake shaƙar iska ba ta zauna daidai ba. Duk waɗannan ana gano su ne a matakin gwaji na farko, idan mai jirgin ya yi gwajin da gaske. Wanda ya cinye sa'o'insa 40 yana zagaye a sama yana jiran agogo ya cika, yana iya zuwa Oshkosh bai taɓa jin yadda jirginsa ke sitol da cikakken kaya ba.

Kayan kuma suna da nasu tasiri. Mahalarta suna kwana a tanti a gindin jiragensu, don haka sukan cika bayan kujera da tanti da kujeru da kular abinci. A RV-7 iyakar wannan wuri kilo 45 ne. A irin waɗannan RV masu kujeru biyu a jere, tankunan mai suna gaba da cibiyar nauyi, saboda haka yayin da mai ke ƙonewa cibiyar tana komawa baya. Jirgin da aka auna daidai lokacin tashi yana iya isa Fisk cibiyarsa ta kai iyaka ko ta wuce. Sandar ta yi sauƙi a hannu, ɗan ja kaɗan ya ɗaga hanci fiye da yadda aka saba. Lissafin nauyi sai an yi shi sau biyu, na tashi da na sauka.

Karo a sama da a ƙasa

Karon 2023 ya faru ne a kudancin filin, inda ƙananan jirage masu sauƙi da masu saukar ungulu ke da nasu ɗan titi na ciyawa. Kowace safiya ana tara matuƙan a yi musu bayani, cikin abin da aka haramta har da yin cikakken zagaye a cikin layin sauka. NTSB ta gano cewa matuƙin jairon ya yi irin wannan zagaye, ya kuma faɗa wa Rotorway 162F, jirgi mai saukar ungulu na haɗin gida, wanda ke biye da shi. Mutum biyun da ke cikin Rotorway suka rasu, na cikin jairon suka ji rauni, jairon kuma ya faɗa kan wani jirgi da ke ajiye.

Ranar 30 ga Yulin 2006 kuwa a ƙasa abin ya faru. Wani TBM Avenger, babban jirgin Yaƙin Duniya na Biyu wanda hancinsa ke tare wa matuƙi gaba idan yana tafiya a ƙasa, ya hau kan wani RV-6 a layin jiran tashi, farfelarsa ta kashe fasinjan RV ɗin. A 2014 wani Breezy, jirgin da ba shi da rufi ko bango, ya yi tsalle wajen sauka a titin 36, ya kauce ya bugi motocin sulke da ke ajiye a gefe, matuƙin ya rasu. A karon 2023 da na Avenger a 2006, yadda aka ƙera jirgin haɗin gidan bai taka wata rawa ba.

Inda ƙirar ke da laifi

Wannan ba ya nufin aikin hannu ba ya kashewa. Yana kashewa, amma galibi a filin gida, tun jirgin yana sabo. A 2012 NTSB ta fitar da bincike na musamman a kan rukunin. Ta gano cewa jiragen haɗin gida kusan kashi 10 ne na ƙananan jiragen Amurka, amma su ke da kusan kashi 15 na haɗurran 2011 da kashi 21 na waɗanda aka rasa rai. Mutuwar inji ce ta fi yawa a jimilla, ƙwacewar jirgi a sama kuma ita ta fi kisa. Cikin jirage 102 da suka yi haɗari a hannun wanda ya ƙera su, 10 a tashin farko ne.

Mutuwar injin sau da yawa daga hanyar mai take. Guntun gam ɗin liƙe tanki ko ɓurɓushin alminiyam ya toshe matata, notin tiyo da aka ɗaura da hannu aka manta ba a ƙara da sifana ba, kafar numfashin tanki da zanzaro ya toshe da laka, tiyon da aka bi da shi kusa da salansa har man ya tafasa ya zama tururi. Gwajin da ke kama yawancinsu ba shi da wuya. A ɗaga hancin jirgin a ƙasa daidai da yadda yake hawa bayan tashi, a zuba mai kaɗan a tanki, a kwance tiyo daga bakin kafireta, a tara man a mazubi mai awo ana duba agogo. Idan man da kansa yake gangarowa, ana son ya kai kashi 150 na abin da injin ke sha a cikakken ƙarfi, idan famfo ke turo shi kashi 125. Injin Lycoming mai ƙarfin doki 180 yana shan kusan lita 62 a sa'a wajen tashi, don haka famfonsa ya kamata ya ba da lita 1.3 a minti. A Oshkosh wannan rauni yakan bayyana ranar tafiya gida, bayan jirgi ya daɗe a layi cikin zafin Yuli, injin ya gasu, aka kuma ce masa ya tashi nan take.

Kuskuren zane ma yana faruwa. A 2009 NTSB ta nemi a dakatar da tashin jirage samfurin Zodiac CH 601XL bayan jerin haɗurran da fiffike ya karye a sama, aka kuma fitar da gyaran da ya ƙarfafa shi.

Wani adadi a binciken 2012 ya fi jan hankali: cikin jirage 125 da suka yi haɗari a hannun wanda ya saye su na hannu, 14 a tashinsa na farko ne. Mai ƙira ya san inda ya kauce wa zane, mai saye bai sani ba. Sanannen misali shi ne jirgin haɗin gida samfurin Long-EZ da mawaƙi John Denver ya mutu a ciki ranar 12 ga Oktoban 1997 a gaɓar California, jim kaɗan bayan ya saye shi. Zanen ya sa makunnin sauya tankin mai a tsakanin ƙafafun matuƙi, wanda ya ƙera jirgin ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu. Man tanki ɗaya ya ƙare, matuƙin ya juya jiki don ya kai hannu, jirgin ya ƙwace masa.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu neman a ƙara tsaurara doka suna nuni da Birtaniya da Kanada. A Birtaniya ƙungiyar masu ƙananan jirage, LAA, sai ta amince da zanen jirgi, sufetonta ya sa hannu a kowane mataki na aikin, ta kuma yarda da wanda zai yi tashin farko. Kanada tana buƙatar a duba jirgi kafin a rufe fukafukansa, da rahoton gwajin gudanar mai. NTSB ta karkata wannan gefe a 2012, ta ba FAA shawarwari 12 da EAA 4, ciki har da wajabta gwajin mai da rubutaccen tsarin gwajin tashi.

EAA ta amince da matsalolin, ta fi son a magance su ta hanyar horo da shawara. Hujjarta ita ce 'yancin gwaji ne ya haifar da ci-gaban da ƙananan jirage suka samu, daga jikin faiba zuwa allunan kwamfuta masu araha, kuma wanda ke cikin haɗarin shi ne wanda ya zaɓe shi da saninsa. Tana da masu ba da shawara na sa-kai da ke duba aiki tun yana gareji, da wasu da ke shirya matuƙi kafin tashin farko. Abin da aka samu a ƙarshe tsaka-tsaki ne. A 2014 FAA ta yarda ƙwararren matuƙi na biyu ya zauna a jirgi lokacin gwaji, ta kuma sauƙaƙa saka na'urar da ke nuna kusurwar fiffike kai tsaye. A 2023 ta ba da zaɓin a bi jerin gwaje-gwaje da aka ƙayyade maimakon ƙirga sa'o'i. Haɗurran jiragen haɗin gida masu kisa sun sauka daga 54 a 2011 zuwa kusan 30 zuwa 40 a shekarun baya-bayan nan. Kowane ɓangare yana karanta wannan adadi yadda ya dace da shi, ɗaya ya ce horo ya yi aiki, ɗaya ya ce da an wajabta da ya fi haka sauka.

A kan taron kansa ma akwai saɓani. Wasu suna son a raba wa matuƙa lokutan isowa, ko a sa sharaɗin ƙwarewa kafin a shiga layin Fisk. Masu adawa suna cewa wanda aka ba lokaci zai kutsa cikin mummunan yanayi don kada ya rasa shi, kuma wannan hujja tana da ƙarfi, domin hadari da hazo a hanya sun daɗe suna kashe masu ƙananan jirage. Bayan cunkoson 2018, lokacin da rashin kyawun yanayi ya tara jirage suka taso gaba ɗaya, masu shiryawa sun tsawaita layin zuwa yamma, suka ƙara wuraren shiga a Green Lake da Puckaway Lake da Endeavor Bridge, don a jeru tun daga nesa.

Sabuwar doka da wanda abin ya shafa

A taron 2025 sakataren sufurin Amurka, Sean Duffy, ya sanar da dokar da ake kira MOSAIC. Ta faɗaɗa irin jiragen da mai ƙaramin lasisi zai iya tuƙawa, har da jiragen haɗin gida da yawa da a da suka fi ƙarfin lasisinsa. Ta kuma taɓa binciken shekara-shekara. A da wanda ya ƙera jirgi ne kaɗai ke iya samun izinin duba nasa, mai saye sai ya nemi makaniki mai lasisi. Yanzu mai saye yana iya yin kwas na sa'o'i 16 ya duba nasa da kansa. Magoya baya suna cewa makanikai sun yi ƙaranci, da yawansu ma ba sa karɓar jirgin gwaji. Masu ɗari-ɗari suna tuna cewa mai saye shi ne wanda binciken 2012 ya nuna ya fi ƙarancin sanin jirginsa.

Ga mai saye, kamfanonin inshora sun riga doka, don galibi ba sa karɓarsa sai ya yi wasu sa'o'i da malami a samfurin jirgin. Kafin ya nufi Oshkosh akwai abubuwan da zai iya gwadawa a gida: ya ɗora kayan da zai tafi da su, ya hau sama sosai ya riƙe not 90 na minti 15 yana duba zafin inji, ya gwada sitol a juyi tare da malami, ya kuma saba dira a kan alama ɗaya a titi. Doka ta ce a sauka da ragowar man minti 30 da rana, amma jira a layi yana iya wuce haka, shi ya sa masu hankali ke tsayawa su cika tanki a tafiyar sa'a guda kafin Ripon, su kuma riƙe Fond du Lac ko Appleton a matsayin mafita. Fasa sauka a sake zagayowa halal ne a Oshkosh kamar ko'ina, jami'an hasumiya za su sake saka mutum a layi.

Ga wanda aka yi wa tayin hawa, tambayoyin da suka fi amfani su ne sa'o'i nawa jirgin ya yi, nawa matuƙin ya yi a cikinsa, shi ya ƙera ko saye ya yi, an kuma lissafa nauyin fasinjan da jakarsa. Ga mai kallo, FAA tana sa tazarar ƙafa 500 zuwa 1,500 tsakanin jama'a da layin wasa, gwargwadon gudun jirgin, ba a kuma yarda a nufo taro da jirgi ana wasa ba. A dukkan haɗurran Oshkosh da aka ambata a nan, waɗanda suka rasu suna cikin jiragen ne. Haɗarin da ya fi kusa da mai yawo a filin shi ne farfelar jirgin da ke tafiya a kan ciyawa tsakanin tantuna, wanda matuƙinsa ba lallai yana ganin abin da ke gaban hancinsa ba, shi ya sa 'yan sa-kai masu rigar lemo ke rakiyar kowane jirgi har inda zai kashe inji.